Ƙugiyar da Kawu Ya Hana Ni Taɓawa

Jiya guga ya faɗa rijiyar unguwarmu a Dogon Dutsi, sai ga ƙanena da ƙugiyar tsai da jirgin ruwan marigayi Kawu zai ciro shi. Ina ganin tsatsarta, raina ya sosu.

Da can, in an gama girbin hatsi, mu biyu mukan bi Kawu cin rani Gaya, inda yake tuƙa jirgin ruwa mai inji. A goshin jirgin akwai ɗan akwati mai warin jiƙaƙƙiyar igiya da mai. Kawu yakan naɗe igiyar a ƙasa, ya rufe haƙoran ƙugiyar da tsohon buhu, ya ɗaure ta tam, sannan ya sa sakata.

Ran nan ni na jawo ta daga ruwa, na wurga ta ciki yadda muke wurga kalmen noma a amalanke. Jirgi na tashi ta dinga dukan katako. Kawu ya kashe inji.

Ya ce, "Ɗana, ƙarfen da ka tsai da jirgi, shi ka huda shi in an bar shi sake."

Ya miƙa wa ƙanena ita. Har ya rasu bai sake bari na taɓa ta ba, ina ji yana ce masa madalla, alhali ni ne babba.

Jiya ƙanen nawa na gamawa ya wurga ta amalanke. Na ɗauko, na naɗe haƙoranta da buhu, na ɗaure tam. Babu mai ce mini madalla.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya kai ka gaɓa lafiya.