Inda Faifan Ya Tsaya

A lokacin da abin ya faru ina amarya a Gwarzo, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da baki. Ni ce auta a ɗakinmu, an shagwaɓa ni, ko me ya zo bakina sai in faɗa, a yi dariya a ce halin auta ne. Mijina yana sayar da kayan lantarki a kasuwa, shi ya kawo mini ɗan DVD mai allo, irin wanda ake buɗewa kamar faifan tuwo a ɗora a cinya. Ba irin na bogi ba ne mai mutuwa bayan sati biyu. Hotonsa tangaran, batirinsa na riƙe caji, kuma idan ka kashe shi ka sake kunnawa, daga inda ka tsaya zai ɗora.

Da na je ganin gida Masanawa sai na bar wa Innarmu shi, tunda can ba wuta, ta riƙa kallon wa'azi. Ta harare shi ta ce akwatin shiririta ne, ita ba ta da lokacinsa. Na dai nuna mata maɓallan, na bar mata faifan wa'azi, har da faifan bikina a cikin jakar. Bayan ɗan lokaci na ji ana cewa Inna kullum cikin aikawa da shi shagon caji take. Duk zuwan da zan yi kuwa, in na kunna, faifan bikina ne a ciki, kuma wuri ɗaya yake tsayawa: inda Yayanmu yake raba goro a wajen ɗaurin aure, ya juyo yana dariya. Shi ne ɗan farin Inna, yana tuƙin babbar mota a Kudu, sai Sallah muke ganinsa. Tunda na tashi ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. In ya zo gaishe ta ma, gefe take kallo.

Ranar sunan ɗan yayata mata suka cika tsakar gidan Inna, suka ce in nuna musu bikina. Ina kunnawa sai ga fuskar Yaya. Maimakon in wuce wurin, shaiɗan ya ja bakina, na ɗaga ɗan DVD ɗin sama na ce, "Jama'a ku zo ku ga wa'azin da Inna take kallo, ashe ɗan farinta ne!" Gida ya ɗauka da shewa, wata har da guɗa, tsofaffi suna tsokanarta wai yau kunya ta ƙare. Maƙwabciyarmu, wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, ta mintsine ni a cinya. Ita da ba a cikin al'adar ta tashi ba ta gane, ni 'yar cikin ɗaki ina ta ƙyaƙyata dariya. Da zan tafi Inna ta naɗe shi a ɗankwali ta sa mini a jaka, ta ce ta gama kallo. Na roƙe ta daga baya, na aika mata da shi, ta dawo da shi.

Yaya bai kai Sallar ba. Hatsarin mota ya yi a hanyar dawowa, can aka binne shi, ko gawarsa Inna ba ta gani ba. Bayan an share makoki na kai mata na'urar, muna mu biyu a ɗaki, na kunna. Tana nan ƙalau, kuma tana nan inda Inna ta tsaya. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta miƙa hannu ta rufe murfin a hankali ta ce, "Da can ina kallo ne ina jiransa. Yanzu wa zan jira?"

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwa ta samu hanyar kallon ɗanta ido da ido ba tare da kowa ya gani ba, ni na toshe mata ita don a yi dariya. 'Yan uwana masu saurin baki, magana zarar bunu ce. In kuka ci karo da abin da babba ya ɓoye, ku mayar da murfin ku yi kamar ba ku gani ba. Watannin da suka rage wa Yaya a duniya, ni na hana Inna ganinsa.