Mikin da ke Ƙarƙashin Akumari

Ni mai jakuna ne, ɗan Nahuce. Na bi ayarin wani madugu na Bungudu a shekarun da ake shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa ƙasarmu. Mukan ɗauki gyaɗa da auduga da fatu a Gusau, mu bi ta Tsafe mu kai har inda dogo ya tsaya, mu komo da gishiri da kananzir da yadi. Kowace kaka sai mu tarar bakin dogon ya ƙara matsowa, tafiyarmu ta ƙara gajarta. Har murna muke yi wai hanya ta yi sauƙi, kamar kazar da ke murnar an fara watsa mata tsaba a bakin murhu.

Wana shi ne jagaban ayarin, wato mai shiga gaba. Shi ke zaɓar inda za a tsallake rafi, shi ke sanin inda za a yada zango. Yana da wani jaki auraki mai ƙararrawa a wuya, duk jakunan ayarin sautin ƙararrawar nan suke bi. Wan nawa mutum ne mai ji da kansa, Allah ya jiƙansa. Yakan gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta, yana tafe ba ya waiwaye, sai ka ce shi ya share hanyar da tsintsiyar gidansu. Gonarsa tuni ya bar wa ƙannenmu, don ya ce shi ba ya iya duƙawa. Ba shi da wani abu a duniya ban da wannan jaki da wannan matsayi na gaba.

Muna da wata al'ada a ayari wadda a lokacin ba mu ma ɗauke ta al'ada ba. Da an sauka zango wajen azahar, an kwance kaya, kowa zai cire wa jakunansa akumari, abin nan da ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a ɗora kaya, ya kifa shi a rana. Sai a bi jakunan ɗaya bayan ɗaya ana shafa bayansu. In an ga inda kaya ya fara goge fata, sai a wanke da ruwan ɗumi, a barbaɗa garin bagaruwa, a shafa man kaɗe. Washegari jakin nan zai tafi ba kaya, a rarraba kayansa a kan na sauran mutane, ba mai cewa komai, don gobe naka ne. Da haka ƙaramin gurjewa yakan warke kafin ya zama miki.

Labarin da ya dagula mana al'amura ya fara iso mana ne daga bakin wata mai fura a kasuwar Gusau. Ta ce ta ga madugunmu da madugun ayarin Tsafe a kan tabarma ɗaya suna raba goro ɗaya, mutanen da ko a jana'iza ba sa haɗa sahu. Muka ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu bar garin maganar ta cika kasuwa: kaya sun ragu, masu kanti sun ce sun gaji da ciniki da madugai biyu, don haka za a haɗe ayarin biyu ya zama ɗaya. Ba sai an kira malami ya yi mana fassara ba. Ayari ɗaya ba ya buƙatar jakunan ayari biyu, ba ya kuma buƙatar jagaba biyu.

Wani dattijo a cikinmu ya yi ta maza ya tambayi madugu. Madugu ya gyara rawani ya ce, "Ku dai ku yi ta aikinku. Ba a yanke komi ba tukuna." Wallahi da ya ce mana an yanke, da mun fi samun barci.

Kowa ya kama hanyar da yake ganin za ta fisshe shi. Wani ya tafi Furfuri wurin malami ya dawo da laya ya ɗinke a cikin hula. Wani da ko sannu ba ta haɗa shi da madugu sai ga shi yana riƙe masa buta. Akwai mai yi mana waƙa a hanya, ya daina, wai kada a ce ba shi da natsuwa. Biyu sun sulale sun je duba aikin lebura a wurin masu shimfiɗa dogo, suka dawo shiru, ba su gaya wa kowa abin da suka gani ba. Ni kuwa faɗa na koma yi da matata a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ta ce in ba ni da aikin yi in je in zagi madugun mana.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba wanda ya tsara shi. Wani ne ya ce ya ji ana cewa masu raunanan jakuna za a fara sallama. Ba mu san wa ya faɗa ba. Daga zangon nan sai na ga mutum ya kwance kaya ya bar akumari a bayan jaki, wai rana ta yi zafi. Na kusa da shi ya ja nasa bayan wata sabara ya ɗaure. Kafin mu kai ƙarshen wannan tafiya ba sauran mai cire akumari a gaban jama'a, kuma ba wanda ya sake cewa, "Zo ka duba man bayan wanga jaki." A tsawon watannin nan ba jaki ɗaya da aka ce ya ji ciwo a ayarinmu. Tun da nake ban taɓa ganin lafiya mai ban tsoro irin wannan ba.

Cikin bazara, gab da faɗuwar ruwa, aka ce za a yi tafiyar gwaji, ayarin biyu a haɗe daga Gusau. Mutanen Tsafe suka zo, yawancinsu 'yan 'Yankuzo, mutanen da muka sha haɗuwa da su a hanya muna musayar taba da zolaya. Wannan karon gaisuwa kawai muka yi, kowa idonsa na kan jakin ɗan'uwansa. Jagabansu wani dogo ne mai sanyin magana, da baƙin jakinsa. Aka shirya cewa wana zai ja gaba har Tsafe, daga nan dogon ya karɓa. Madugan biyu suna baya a kan dawakai suna kallo.

Da safen da za mu tashi na je taya wana ɗaurin kaya. Ina ɗora taikin gyaɗa, sai aurakin ya lanƙwashe baya ya kai mini cizo, jakin da ko yaro yana iya hawansa. Na ga ƙudaje sun yi layi a gefen akumarin. Na kai hannu zan ɗaga, wana ya buge hannun.

Na ce, "Yaya, mi ag ga bayan jakin ga?"

Ya ce, "Ba komi. Zuhwa ta."

"Zuhwa ba ta wari haka. Ka bari in ɗauke mashi kaya, in raba bisa nawa. Shi tahi hakanan da ƙararrawa tai."

Ya dube ni, ya dubi inda mutanen Tsafe suke ɗauri. Ya rage murya ya ce, "Jakin jagaba shi hita Gusau ba kaya, gaban mutanen ga? Kai ma so kaka yi a ce na ƙare? Mu dai kai Tsafe. In mun kai sai in duba shi."

Na ji haushinsa, na kuma ji tsoro, don na san abin da yake gudu gaskiya ne. Na ja igiyar na ɗaure kamar yadda ya ce.

Tafiyar nan ba na son tunawa da ita. Rana ta buɗe tun da hantsi, iska ta tsaya cik. Ayari mai tsawo haka, amma ba waƙa, ba hira, sai ƙarar ƙararrawa da tsakin masu kora. Tsuntsayen carki, masu bin dabba mai miki, suka yi ta sauka a kan kaya, a kore su su tashi su sauka a na gaba. Ba a kan namu kaɗai suke sauka ba, har na mutanen Tsafe. Duk wanda ya shiga tsakiyar ayarin zai ji wari, kuma kowa ya ji, amma ba wanda ya toshe hanci, don toshe hanci ma magana ce. A zango kowa ya ja jakunansa nesa. Na hango wana ya juya mana baya yana tura tsumma a ƙarƙashin akumari ba tare da ya ɗaga shi ba.

Washegari ƙararrawar ta canza. Da ka saba jin ta a jere, yanzu sai ta buga ta yi shiru, ta sake bugawa. Jakunan baya suka rikice, suna tsayawa suna cin karo. Wana, wanda ba ya waiwaye, ya koma tafiya kafaɗa da kafaɗa da jakinsa, ya sa hannu a ƙarƙashin taiki yana tallafa masa a ɓoye. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi kenan, a wani ɗan hawa da ko tsohuwa ba za ta kira shi hawa ba, aurakin ya durƙusa. Bai yi kuka ba. Ya dai kwanta da kayan a kansa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Aka kwance kaya, dogon nan na Tsafe ya zo ya kama gefe ɗaya na akumarin, ni na kama ɗaya. Da muka ɗaga, da fatar ya taso. Mikin ya kai faɗin faifai, ya ci har kusa da ƙashi, tsutsa na motsi a ciki. Wani ya kawo garin bagaruwa ya tsaya da shi a hannu, don kowa ya ga an wuce nan. Dogon ya ce, "Inna lillahi," ya juya ya dubi baƙin jakinsa, ya daɗe yana dubansa.

Madugunmu ya iso ya sauko daga doki. Ya dubi jakin, ya dubi wana. Ban ga fushi a fuskarsa ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Haba jagaba. Tun Gusau munka gama magana, ni da abokina. Kai munka aje za ka ja gaba in an haɗe, kai da jakin ga, don shi dabbobi ka bi. Mun bari sai an sauka a hwaɗi, kamar yadda aka saba. Yanzu da mi za ka ja?"

Wana ya tsugunna kusa da aurakin. Ni ne na buɗe baki zan ce, da kun faɗa tun farko fa? Wani ya danne mini ƙafa, na haɗiye. Har yau maganar tana nan a maƙogwarona.

Aka ja aurakin zuwa inuwar wata kuka, aka bar shi wurin wasu makiyaya da ke kusa, ko da yake mu da su duk mun san ba zai tashi ba. Aka kwance ƙararrawar aka ɗaura wa baƙin jakin Tsafe. Na ce a raba kayan aurakin a kan nawa, wana ya ƙi. Ya naɗa gammo da rawaninsa, ya ce in aza masa taiki ɗaya a ka. Na aza masa.

Masu kaya a ka wurinsu can ƙarshen ayari ne, a nan ya shiga. Na rage tafiya na dawo kusa da shi. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa ba kowa a gabansa bai iya tafiyar baya ba, ƙafarsa ba ta san jira ba. Har muka shiga Tsafe yana take wa na gabansa dunduniya, yana cewa, "Yi haƙuri, Malam. Yi haƙuri."