Ranar da Kakana Ya Karanta Sawun Giwa a Perry Barr

Shekarun baya, ina karatu a Manchester, na hau bas a Rusholme sai idona ya sauka kan wani saurayi yana kallon hoton giwa a wayarsa kamar mai kallon masoyiya. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, kafin mu kai jami'a har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Ashe karatun kare namun daji yake yi, yana kuma aiki da wani gandun daji a Najeriya. Muka saba har maganar aure ta taso. Matsala ɗaya ce, ya tsani maharba. Kullum cewa yake, "Su suka ƙarar mana da daji." Ni kuwa kakana tsohon sarkin baka ne, ya kayar da ɓauna da giwa a zamaninsa. Sai na ɓoye masa wannan, don kada ya guje ni.

Ranar da ya zo gaida iyayena a unguwar Perry Barr da ke Birmingham, kakana yana gidan, an kawo shi aikin ido. Na roƙe shi, "Kaka, don Allah ban da labarin daji."

Ya ce, "To amaryata. Ni dai in ga mai ƙwace mini ke."

Ana cin tuwo, saurayina ya nuna wa mahaifina hoton sawun wata giwa da ta ji rauni, ma'aikatan gandun sun kwana uku suna nemanta. Kakana ya miƙa hannu. "Kawo nan, ɗan samari."

Ya ƙura wa hoton sabon idonsa. "Tarko ne ya kama ƙafarta ta baya, ga shi tana janta. Su bar tudu, su bi kwari. Laka za ta nema ta tsoma ciwon."

Saurayina ya ce, "Baba, ina ka san wannan?"

"Tun ba a haifi ubanka ba nake binsu da bindiga."

Na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi.

Kakana ya ci gaba, "Mu ba ma harbin mai ciki ko mai shayarwa. Mai ɗana tarko ɓarawo ne, ba maharbi ba. In daji ya ƙare, mu su wane ne?"

Saurayina ya fita ya kira gandun. Washegari aka same ta a kwari, aka cire tarkon. Da ya kira ni, ina jiran faɗa, sai na ji ya ce, "Wannan dukiyar kika ɓoye mini? Gobe zan dawo da littafi da biro."

Har yau kunya nake ji in na tuna wanda na so in ɓoye.

Kakana ya koma gida Najeriya ya tara tsofaffin maharban yankinsa da ke kusa da dajin, suka zama masu gadin gandun. Yanzu ƙafa ta gaza, amma kowace safiya ma'aikata ke kawo masa hotunan sawu a zaure, ya faɗa musu inda za su bi. Mijina kuwa, in kiran tsohon ya shigo, sai ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka.