Duwatsun Rijiyoyin Baba

Mahaifinmu mahaƙin rijiya ne. Daga Damri zuwa Kaya har Jangebe, duk rijiyar da ya haƙa sai ya dawo gida da dutse ɗaya, wanda ya tarar dab da ruwa. Ya tara su cikin tsofaffin kwalla a zaurenmu na Talata Mafara, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Komai yana kansa.

Da ya fara mantuwa, ƙanwata da ta karanci ilimin duwatsu a jami'a ta zo hutu, ta ce in ba mu yi sauri ba, tarin nan zai koma tsakuwar banza. Ni ba ni da haƙuri, na ce mata wa ya aike mu? Ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta sa mini wata manhaja a waya. Kowane dutse mu ɗiga masa lamba da jan farce, mu ɗauki hotonsa kusa da tsinken ashana don a gane girmansa, mu nuna garin a taswira, sannan mu naɗi muryar Baba.

Baba kuwa ba ya magana sai ya lashi dutsen. Ya ce busasshen dutse ɓoye launinsa yake yi. Na yatsine fuska, ƙanwata ta ce ai malamansu ma haka suke yi.

"Wanga na Damri na," in ji shi. "Ƙasa jajawur munka wuce, kahin mu ishe shi. In ka gane shi, ruwa na kusa."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina mita ina ɗauka. Yau ba ni da bakin gode wa ƙanwata. Masu haƙa daga Maradun da Bakura sukan zo su saurara kafin su sa diga, kuma komai yana ajiye a intanet ko da wayar ta lalace.

Bara mantuwar ta ci ƙarfinsa. Wata safiya na miƙa masa dutse, ya juya shi bai gane ba, sai na kunna masa muryarsa da muka naɗa a kan dutsen. Ya kasa kunne har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Wanga mutum ya san aikinai," ya ce mini. "Ɗiyata, ɗan wane gida na?"