Ranar da fanka ta karanta littafin kakana

Shekaru uku baya na tafka wata wauta: na buɗe littafin kakana a gaban fanka.

Littafin rubutun hannu ne, warƙa-warƙa ba ɗinki, yana cikin gafaka ta fata, an ɗaure shi da igiya. Kakana ne ya ɗauko shi daga Kano, ta Chadi da Sudan, har Makka. A gidanmu na unguwar Aziziyya, nan Makka, ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba sai da alwala. To, wani ɗakin karatu na jami'a, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubucen tsibirin Jawa da Indiya, ya nemi mahaifina ya kai shi a ɗauki hotonsa. Ana gobe za a je, na ce bari in riga su, in ɗauki hotonsa da waya in tura wa abokaina su san ni jikan malamai ne.

Ina kwance igiyar, fanka ta juyo. Jama'a, na ga tattabarun Harami suna tashi, amma ban taɓa ganin tashi irin na warƙoƙin nan ba. Na bi su da rarrafe na tattara. Sai a nan na lura babu lambar shafi ko ɗaya. Na jera su yadda zuciyata ta raya mini, masu datti a sama, masu haske a ƙasa, na ɗaure.

Washegari mahaifina ya ce, "Yalla, kai za ka riƙe. Da hannu biyu!"

Ɗakin sanyi kamar cikin firji, amma ni gumi nake. Ma'aikacin, wani dattijo mai farin gemu, ya ɗaga warƙa ta farko, ya duba ta biyu, ya koma ta farko. Ya cire tabarau ya goge. Ni kuwa na fara karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

"Ya Hajj," in ji shi, "nan ana maganar alwala, nan kuma an shiga rabon gado. An hargitsa littafin nan."

Fuskar mahaifina ta canza. "Ƙanena ne. Shi ya are shi bara. Na faɗa masa, na faɗa masa!" Ya zaro waya. Da ma watanni biyu ke nan ba sa ga maciji da baffana, da ƙyar mahaifiyata ta fara sasanta su. Na san in kiran nan ya shiga, shi ke nan, an koma gidan jiya. Ina kallon yatsansa yana neman lambar.

"Baba," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "ba baffa ba ne. Fanka ce."

"Fanka ce ta kwance igiyar?"

"Na ɗan taimaka mata."

Dattijon ne ya cece ni. Ya nuna mini wata 'yar kalma ita kaɗai a kusurwar ƙasan warƙa, ya ce da ita warƙa ta gaba take farawa, haka magabata suke yi a maimakon lamba. "Wanda ya watsa shi zai tara," in ji shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, saura ƙiris in yi shiru. Na auna hakan sosai a lokacin, kuma har yau ba na jin daɗin tunawa.

Sati uku ina zuwa bayan makaranta, ina farautar kalmomi a rubutun da ko ɗigonsa ba irin wanda aka koya mana ba ne. Littafin ya koma daidai, sai warƙa ɗaya a babin azumi. A gida mun ɗaga kujeru, mun janye kabad, ba mu gan ta ba. Haka aka ɗauki hotonsa babu ita.