Hayaƙin Ruwan Jego

Ranar ina da sati biyu da haihuwar Hauwa. Bayan sallar asuba Inna, mahaifiyata, ta hura wuta a ƙarƙashin duro don ruwan wankan jegona, kamar kullum.

Ƙauyenmu yana bakin iyakar Sudan da Sudan ta Kudu. Mu Hausawa ne, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Bututun mai ya bi ta bayan gonakinmu. Kudu na da mai, Arewa na da bututu, suna ta ja-in-ja a kan kuɗin wucewa da inda iyaka ta tsaya. Mu kuwa ko kananzir sai mun saya.

Sojoji sun riga sun zagaya da lasifika, sun ce kada a ga hayaƙi, saboda jiragen yaƙi. Mijina ya tuna wa Inna. Ta ce ba ta taɓa ganin mai jego ta yi fashin wanka ba, kuma ba a kan 'yarta za a fara ba. In Inna ta kafe, ko liman sai ya haƙura.

Hantsi ya yi. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya miƙe sama. Kaji suka yi tsit. Sai muka ji gurnanin jirgi daga nesa. Ya wuce. Ya juyo.

Wani ya ƙwala ihu daga waje: "Ku fita! Ku bi kwari!"

Mijina ya fizgo ni, Hauwa a ƙirjina, zane ɗaya a jikina. Inna ta ce mu yi gaba, bari ta kashe wutar. Na ga ta ɗauki ƙwarya.

Muna bakin kwari ƙasa ta girgiza. Kunnuwana suka toshe. Ban ji kukan Hauwa ba, bakinta kawai na gani a buɗe. Na juya zan koma, maza suka riƙe ni.

Muka yi ta tafiya har la'asar, jini na bin ƙafata. Duk wanda ya riske mu sai na tambaye shi Inna. Gab da magariba wani maƙwabcinmu ya iso. Ya ce ya ga duron a tsage. Sai ya ce in yi haƙuri.

Yau ina Greensboro, wani birni a ƙasar Turawa. Hauwa ta fi ni tsawo, da Turanci take amsa mini. In wata tamu ta haihu ni ake kira, in bi titin Gate City Boulevard da busasshen ganyen darbejiya a jaka. In murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, ba wuta, ba hayaƙi. Har yau ina jin haushin Inna, ina kuma kewarta.

Kowace mai jego ina cika mata arba'in. Nawa ya tsaya a sha huɗu. Inna ce ta fara, ban bar kowa ya ƙarasa ba.