Farar Ƙasar Bayan Gonarmu

Shekarar da nake da cikin fari, ba abin da raina ke so kamar farar ƙasa. A bayan gonar gyaɗar maigidana, wajen Kwanyawa, akwai wata masana'anta da ke niƙa farin dutse. Abin da ba su so sai su jibge shi a waje, har ya zama tudu. Duk sanda na kai abinci gona, sai in ɗebo ɗan dunƙule in ƙulle a bakin zane. Ba wanda ya sani, ko Inna, surukata.

Wata Laraba sai na tarar da baƙi a kan tudun, sun rufe hanci da baki, suna ɗibar ƙasar a 'yan kwalabe. Mace ɗaya ce a cikinsu. Bayan mun gaisa ta ce daga jami'a suke, sun haɗa hannu da masu masana'antar. So suke su tace tarkacen, su fitar da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, irin wanda ake ba masu ciki a asibiti.

Na ce, "Ashe magani ne, Malama."

Ta ce, "Sai an wanke an tace tukuna. Ɗanyensa yana iya zuwa da gubar dalma, shi ya sa muke gwaji. Ku hana yara wasa a nan."

"Idan mutum ya ci fa?"

Ta dubi cikina, ta dubi ƙullin bakin zanena. "Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Na zauna a kan kunyar gyaɗa. Na taɓa ji a rediyo cewa dalma na kashe yara, wanda ya rayu ma ba lallai ya tashi daidai ba. Malamar ce ta kira maigidana ta yi masa bayani. Bai yi faɗa ba. Salati ya yi, ya ajiye fartanya.

Washegari ya ɗauke ni a babur zuwa Karaye, aka ɗebi jinina, malamar ta tafi da jinin Kano. Kwana tara muna jira. Tuwo ba ya wuce min, aikina sauraron ciki. Rana ɗaya tun hantsi bai motsa ba. Na shige ɗaki na kwanta. Inna ta biyo ni da kunu mai zafi, ta ce, "Sha, yarinya. Allah ne mai rayawa." Sai bayan la'asar na ji ɗan shuri, na fashe da kuka.

Da sakamako ya fito, malamar ta bugo waya. Akwai dalma a jinina, amma kaɗan ce. Aka ba ni magani, aka ce in riƙa komawa awo. Ta ce gefen tudun da ke kusa da rafi ne ya fi guba, ni kuwa ta ɓangaren gona nake ɗiba.

Bayan an cire gyaɗa na haifi mace. Ta yi jinkirin tafiya, ban samu natsuwa ba sai ran da ta saki bango ta tako. Yanzu an zagaye wurin da waya, motoci na zuwa su kwashi mai kyan su kai inda ake tacewa. Yarinyar tana firamare, malaminsu ya ce tana da ƙoƙari. Amma har yau idan na kira ta ba ta amsa da wuri ba, sai gabana ya faɗi.